Ɓerayen Auta Masu Jan Kati

Jama'a Farfesa suke ce mata, wasu har su ɗan rusuna idan ta wuce da farar rigarta. Ni Auta nake kiranta, don ranar da aka kawo ni gidan yayanta shekararta shida, tana zaune a ƙarƙashin teburinsa tana tsintar 'yan ƙusoshin agogo da suka faɗi. Mahaifiyarsu ta riga ta rasu, saboda haka a hannuna ta tashi. Ita kuma har yau, da furfurarta da komai, Matar Yaya take ce mini, sai ka ce jiya aka kawo ni.

Marigayi mijina mai gyaran agogo ne, Allah ya jiƙansa. A wajensa ta gaji hannu. Duk abin da ta ga yana motsi sai ta buɗe ta ga me ke motsa shi. Ta buɗe rediyonmu, bai sake magana ba. Ta buɗe keken ɗinkina, aka yi wata guda ana neman wani ɗan ƙarfe. Abu ɗaya ne ban taɓa ganin ta buɗe don kanta ba, shi ne murfin tukunya. In ban bi ta da kwano ba, sai ta wuni ta kwana ba ta tuna akwai wani abu wai shi ciki ba.

Da ta samu tafiya karatu wata ƙasa mai sanyi, yayanta ya naɗe ɗan hantsakinsa mai siririn baki a cikin ƙyalle ya ba ta. Ya ce, "Tun da kin ce ƙwaƙwalwa za ki karanta, ga wannan. In kin buɗe kan mutane, don Allah ki riƙa mayar da komai inda kika same shi."

Shekara tara ta yi. Ta dawo a rame kamar tsinke, da akwati biyu, ɗaya da rabi duk takardu ne. Na ce to, Auta, me aka gano a kan namu? Sai ta zaunar da ni a kicin ta ɗauko mabuɗin ɗakina. Ta ce akwai wani sinadari da jiki ke yi, sunansa serotonin. Sai da na shekara kafin bakina ya iya faɗinsa. Ta ce shi kamar wannan mabuɗin yake, guda ɗaya ne, amma ƙofofin da yake buɗewa sun fi goma. Wata in ya buɗe ta mutum ya ji barci, wata hankali ya kwanta, wata kuma zuciya ta tashi sai amai. Ita aikinta ƙofofin nan ne, ta san inda kowace take da abin da ke bayanta.

Na ce, "Duk a kai suke?"

Ta ce, "Abin mamakin ke nan. Mafi yawan sinadarin ma a hanji yake."

Na ce, "Ikon Allah. Kin tafi uwa duniya neman hankali a kai, kin dawo kin same shi a tumbi. Da kin tambaye ni ai da na hutar da ke. Tun kaka da kakanni farin ciki muke cewa, ban taɓa jin an ce farin kai ba."

Ta yi dariya har da ƙwarewa, amma abincin da na zuba mata sai da ya huce.

Daga nan ta kama aiki a jami'a, shekara kusan talatin. Da farko ƙwaƙwalwar ɓeraye take yankawa siriri-siriri tana leƙawa a madubin ƙara girman abu, daga baya ta gangara hanji ta zauna. Ta yi aure a tsakani, mijin mutumin kirki ne, sai dai ya gaji da jiran ɓeraye su sallamo masa matarsa, aka rabu ba faɗa. Abin da ya fito da sunanta wata ƙofa ce da ta gano a hanjin ɓera, wadda take ganin ta nan ciki ke aika wa kai saƙo. Ta rubuta a mujallar masana, aka riƙa gayyatarta taro, tana zuwa da takalmi ɗaya tal da na sani tun yana baƙi.

Bayan rasuwar yayanta, da na fita takaba, ta zo ta same ni ina kallon bango. Ba ta yi mini wa'azi ba. Cewa ta yi, "Matar Yaya, tattara kayanki ki dawo wajena. Kuma ina neman mai wanke mini kwalabe, na gaji da masu barin kumfa." Haka na koma gidanta, na kuma zama ma'aikaciyar ɗakin gwaji da tsufana.

Aikina daga azahar ne zuwa magariba. In wanke kwalabe, in ɗauraye da wani ruwa na musamman, in kife su su tsane. In na gama in share baranda da ɗakin ɓeraye. Tun ina kawar da kai har na saba kallon yadda take aiki. Za a kawo mata ɗan guntun hanji bai kai tsawon yatsa ba. Ta sa hantsakin marigayi ta ɗaure shi da zare sama da ƙasa, ta rataye shi a cikin kwalba mai ruwan ɗumi da iska ke ɓuɓɓuga a ciki. Sai ta ɗiga magani. In hanjin ya motsa, wani layi a kwamfuta ya hau kamar tudu. Wannan tudun shi ne duk arzikin Auta, don shi ne shaidar ƙofarta ta buɗe. In ya hau, ranar har gaisuwa take amsawa da kyau.

Mai kula da ɓerayen wani dattijo ne mai tumbi da surutu, kowa Sarkin Ɓeraye yake ce masa. Farare ne ɓerayen nasa, masu jan ido, sun fi wasu mutane tsabta. Ranar farko ya zagaya da ni ya nuna mini ƙa'ida.

"Baba, kin ga koren kati a jikin keji, waɗannan talakawana ne, su ci su sha su yi ƙiba. Kin ga jan kati, waɗannan gobe da safe aikinsu. Ruwa kawai, ba abinci, don hanjin ya zama fes. Kada ki ji tausayinsu, sun iya kallo kamar marayu."

Na ce to. Na ji, kuma na gane. Ba zan ce ban gane ba.

Ni dai tun da daɗewa ina azumin Litinin da Alhamis. Sarkin Ɓeraye yakan tashi tun la'asar, Auta tana ofis, sai ya zama magariba takan same ni ni kaɗai a baranda. Akwai benci daura da ƙofar ɗakin ɓeraye, ƙofar kuma da gilashi. Nan nake zama in sha ruwa in ci dabino. Wata Litinin ina kai dabino baki sai na ɗaga ido. Masu jan kati su huɗu sun miƙe tsaye a jikin keji, hannuwansu a kan waya, hancinsu na rawa. Tun safe ba su ci ba, kamar ni. Sai dai ni na yi niyya, su ba wanda ya tambaye su, kuma ni ina sa ran ganin jibi.

Na ajiye dabinon. Na tashi na buɗe buhun abincinsu, wasu 'yan dunƙule ne masu tauri kamar gutsuren alli, na ba kowane biyu. Na ce a raina ƙwaya biyu me za ta yi, kafin gari ya waye babu ko alamarta. Haka kuwa aka yi, ba wanda ya ga komai. Sauran ranaku da cikina ke cike sai in share ɗakin in wuce, ko kallonsu ba na yi. Amma duk Litinin da Alhamis tare muke buɗa baki. Shekara biyu muna haka.

A cikin shekara biyun nan Auta ta sake ɗauko gwajin ƙofarta, don wasu masana na nesa sun ce su sake gani kafin a gina wani aiki a kai. Sai tudun ya fara yi mata gardama. Yau ya hau, gobe ya kwanta shame-shame kamar tabarma. Ta sauya ruwa. Ta sauya magani. Ta sa aka kwance na'urar aka ɗaura. Ta tsare ni a bakin famfo ta ga yadda nake ɗauraya, ta ce, "Ke kam ko alwala ce sai haka." Ta tsare Sarkin Ɓeraye da tambaya har ya yi rantsuwa da abin da ba a tambaye shi ba.

Akwai kalanda a bangon ofishinta. Duk ranar da tudu ya ƙi hawa sai ta sa jan biro ta yi gicciye. Ita ma ta lura gicciyen sun fi taruwa a Talata da Juma'a. To ranakun nan biyu tana da lacca da sassafe, awa biyu a tsaye, daga nan ta wuce ɗakin gwaji. Ta lura kuma in ta ɗauki hantsaki a ranakun hannunta na ɗan rawa. Sai ta haɗa biyu da biyu ta yanke wa kanta hukunci: tsufa ne ya zo, hannu ya lalace, tana murje hanjin garin ɗaurewa. Daga nan tunanin ya ci gaba da cinta. In hannunta ne ke kwantar da tudun yau, wa ya sani ko hannunta ne ya tayar da shi tun farko? Watakila ƙofar ma babu ita.

Wata Laraba da yamma muna gida ta miƙo mini wani abu a naɗe cikin ƙyalle. Tun kafin in buɗe na san nauyinsa.

"Ajiye wannan a cikin kayan Yaya," in ji ta. "Na rubuta takarda biyu. Ɗaya ga mujalla, in ce musu abin da na buga ba ni da tabbacinsa, su janye. Ɗaya ga shugaban sashe, in ajiye aiki. Ranar Juma'a zan miƙa."

Na ce, "Auta, aikin shekara talatin?"

Ta ce, "Gara in faɗa da bakina da a gina gida a kan rami."

Na karɓi ƙyallen na ajiye. Kashegari Alhamis ina azumi. Na shiga share ofishinta, na tsaya gaban kalandar da tsintsiya a hannu. Karatuna bai yi nisa ba, amma na san ranakun mako. Gicciyen sun jeru layi biyu daga sama har ƙasa. Na sa yatsa a kan na Talata, sai yatsan ya zame baya da gida ɗaya. Litinin. Na sa a kan na Juma'a, ya zame. Alhamis. Na ɗaga shafukan baya. Akwai wata guda da babu gicciye ko ɗaya, na tuna watan ne na yi jinyar ƙafa a gida.

Na zauna a kujerar baƙi.

Shaiɗan bai bar ni haka ba. Ya ce ki yi shiru, ki daina ba su kawai, tudu zai dawo da kansa. Na ce takardar gobe za ta tafi. Ya ce to ai ta huta, dama ta gaji. Na yi sallar la'asar ban san me na karanta ba. Abin da ya tsaya mini shi ne yarinyar nan za ta ƙare rayuwarta tana zargin hannun da yayanta ya koyar, alhali hannun da ya yi ɓarnar yana nan yana zuba mata abinci kullum.

Na same ta tana kwashe littattafai tana sawa a kwali. Sarkin Ɓeraye na tsaye yana riƙe mata kwalin, ranar bai tashi da wuri ba, kuma ko surutun babu.

Na ce, "Auta, zauna."

"Matar Yaya, ina da aiki."

"Na ce zauna. Ba Farfesa nake wa magana ba."

Ta zauna. Na faɗa mata duka, tun daga dabinon farko. Ban ɗaga kai ba sai da na gama.

Sarkin Ɓeraye ne ya fara magana. Ya saki kwali ya dafe kai. "Baba! Ni da na rantse da kabarin ubana! Ashe masu jan kati walima suke yi a bayan idona! Shi ya sa in na shigo Talata suke mini kallon raini!"

Auta ba ta yi dariya ba. Ta dube ni, ta dubi kalanda. Da ta buɗe baki muryarta ƙasa-ƙasa take, irin wadda na fi tsoro.

"Kin san ɓera nawa aka yanka a shekara biyun nan ina neman laifin da ba ya nan?"

Wannan ban taɓa tunaninsa ba. Ni da na ce tausayi nake ji. Hawaye suka zubo mini, na ce, "Ban sani ba. Allah ya yafe mini, ke ma ki yafe mini."

Ta tashi ta je taga ta ba ni baya. Ina jiran ta ce in tattara nawa in tafi. Can sai na ji ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ƙwaya nawa?"

"Biyu."

"Kowane?"

"Kowane. Sai in na ga wani ya fi rama, in ƙara masa ɗaya."

"Inna lillahi. Har da son kai a ciki. Ƙarfe nawa?"

"Da an kira salla."

Ta juyo. Idon nan nata na ƙarƙashin tebur ya dawo, na mai shirin buɗe rediyon mutane. "Ƙwaya biyu da magariba, kuma har hantsi ƙofar tana rufe," ta ce, ba da ni take ba. Sai ta girgiza kai. "A'a. Ba zan yarda don ina so in yarda ba. Hannuna yana rawa, wannan na gani da idona. Sai an gwada."

Ga yadda ta tsara. Mako uku, ni zan zaɓi waɗanda zan ba ƙwaya biyu da waɗanda zan hana, a kowace rana na ga dama, ba sai ranar azumi ba. In rubuta lambar keji a takarda in liƙe a ambulan in ba Sarkin Ɓeraye ya kulle a durowa. Ita ba za ta sani ba. Za ta yi aikinta, ta dubi tudu, ta rubuta wanda take ganin ya ci da wanda bai ci ba. In ta dace, ƙofarta na nan. In ba ta dace ba, takardu su tafi.

Na ce, "Sharaɗi ɗaya. Duk ranar lacca sai kin karya kafin ki fita. Shayi tsura ba kari ba ne."

"Wannan ba ya cikin gwajin."

"Yana cikin nawa."

Da safe na ajiye mata hantsakin kusa da kofinta. Ta ci burodi da ƙwai tana hararata kamar magani nake ba ta.

Mako ukun nan sun fi mini shekara biyun wuya. Da can ban san ina zaɓe ba. Yanzu sai in tsaya gaban keji biyu, in ba wannan in hana wancan, wanda aka hana yana kallona. Ina yi ina istigfari. A gida kuma Auta ta hana ni kallonta in ana maganar aiki, wai fuskata ba ta iya ɓoye komai ba, sai in juya mata ƙeya muna hira.

Ranar buɗe ambulan Sarkin Ɓeraye ya sa sabuwar riga. Shi ke karanta nawa rubutun, ita tana bin nata.

"Keji na bakwai, ya ci."

"Ya ci."

"Na tara, bai ci ba."

"Bai ci ba."

"Wannan kuma, Baba, uku ne ko takwas? Rubutunki kamar kaza ta bi ta kan tawada."

Na ce, "Takwas ne, kuma kazar ta girme ka."

Ɓera ashirin da huɗu, ta dace a ashirin da biyu. Sarkin Ɓeraye ya yi kabbara har aka leƙo daga ofishin kusa. Ni na zauna a ƙasa ina hamdala. Ita kuwa Auta, ko murmushi ba ta gama ba ta jawo takardar ta zuba wa biyun da ta kuskure ido tana cewa, "To waɗannan kuma me ya same su?" Halinta ke nan tun tana yarinya. Ka ba ta riga mai kyau, zaren da ya fito za ta fara ja.

Takardar ajiye aiki ba ta tafi ba. Ta mujalla kuwa ta sake rubuta wata, ta gaya musu abin da ta gani a ɓerayenta: ƙofar tana nan, amma ta fi buɗuwa in ciki ya daɗe ba komai, kuma wannan sai an ƙara bincike. Ta sauke tsohuwar kalandar ta zaunar da ni muka bi ta rana-rana, ina tuna mata ranakun da na yi azumi da waɗanda na sha. Da muka gama ta ce, "Ɓerayen nan ba su tafi a banza ba. Gwaji kika yi mini na shekara biyu, sai dai ba ki nemi izini ba." Wannan maganar ce ta sa na samu barci.

Ta so ta sa sunana a ƙarshen rubutun wajen godiya. Na ce ta rufa mini asiri, kada duniya ta san ni da satar abincin ɓera. Ta ce to za ta rubuta "wata mai azumi". Ban sani ba ko ta rubuta, Turancin ya fi ƙarfina.

Yanzu an sa wa buhun abincin kwaɗo, mabuɗin yana wuyan Sarkin Ɓeraye, yana kaɗa mini shi duk sanda muka haɗu. Na mayar da bencina can ƙarshen baranda inda ba gilashi. Rawar hannu kuwa, tun da aka fara karyawa ranar lacca ban sake jin labarinta ba. Na tambaye ta, ta ce ba a tabbatar ba tukuna, mutum ɗaya ba ya isa gwaji.

Talatar da ta wuce na zo wucewa na ga Sarkin Ɓeraye ya liƙa koren kati a ƙofar ofishinta. Ta gani, ta yi tsaki, amma ba ta cire ba. Na tura ƙofar na ajiye mata kwano a kan takardun da take karantawa, na tsaya a kanta sai da ta buɗe murfin da hannunta.